A Kai Shi Wurin Masta Gafaru

A unguwar Maamobi ta Accra, in ka ce kana neman Gafaru mai walda ba kowa zai gane ka ba. Amma ka ce Masta Gafaru, ko yaron da bai daina fitsarin kwance ba zai nuna maka hanya, sai dai ba zai raka ka ba. Gida ɗaya muke haya da shi, ƙofata na kallon tasa, famfo ɗaya muke bin layi, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajur kamar wanda ya kwana yana yanka albasa, hannuwansa kuma duk tabon ƙuna. Mahaifinsa daga Bawku ya sauko, ya yi gadin kanti a Adabraka har tsufa. Shi Gafaru makarantar koyon sana'a ya yi, a zamanin da takardarta ke ba mutum aiki tun kafin tawadarta ta bushe. Ya yi shekaru a wata masana'anta a Tema, da ta rufe sai ya dawo unguwa. A lokacin ne dattawa suka haɗa kai suka buɗe wata 'yar makarantar sana'a a bayan babbar gota, magudanar ruwan unguwa, aji uku kacal: ɗinki, lantarki da walda. Suka danƙa masa ajin walda, ya riƙe shi sama da shekara ashirin. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya Bashiru yana Kumasi, saboda haka ɗakin nan mai ƙaurin ƙarfe shi ne gidansa na gaskiya. Ɗakin hayarsa wurin kwana ne kawai.

A babban hutun bara shugabar makarantar, Madam Muniratu, ta kira shi ofis. Ɗalibansa na ƙarshe sun gama, kuma a shekarar da ta wuce ko mutum ɗaya bai shiga ajin ba.

Ta ce, "Masta, kwamiti sun zauna. Ɗakinka suna so su ba masu kwamfuta."

"Injinan fa?"

"Old Fadama za a kai su. Masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su auna." Ta kasa kallonsa. "Na roƙe su paa. Sun ce in an buɗe makaranta babu sabon ɗalibi, shi ke nan. Ka kawo mini ko ɗaya ne, in samu bakin magana. In babu, ni ma ba ni da abin cewa."

Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa, ko rigar aiki bai cire ba. Ya ce da ni, "Ɗaya fa ta ce. A duk Nima da Maamobi, yaro ɗaya." Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Ni dai tawa dariyar ba ta kai ciki ba, don na san abin da shi ya ƙi yarda ya sani.

Abin ya samo asali tun shekarun farko na makarantar. Akwai Hajiya Indo mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi, tana da ɗa Razak, wanda ya mayar da makaranta wurin ajiye jaka, ya wuce filin ƙwallo. Duka ya ƙi ci, rubutun sha ya ƙi ci. Wata safiya a lokacin hutu ta ja shi da kunne har ƙofar ajin walda ta ce, "Masta, ga shi. Tunda bai son littafi, ka nuna masa wuta."

Masta ya gane abin da take so. Bai bar yaron ya taɓa injin walda ba. Ya ba shi burushin ƙarfe da wata tsohuwar taga mai tsatsa, ya zaunar da shi a tsakiyar rana. Da ya gama ya sa shi jidar rodi daga bakin titi. La'asar na yi, yaron hannu ya kumbura, hanci na zuba, sai Masta ya durƙusa gabansa ya buɗe masa tafukan hannunsa.

"Ka ga hannun nan? Ka ga idon nan? Ni ma uwata ta ce in yi karatu, na ƙi. Ga inda na ƙare."

Ƙarya ce tsagwaronta. Masta Gafaru shi ke zuwa na ɗaya a lissafi da zane a ajinsu, kuma shi da kansa ya zaɓi ƙarfe don yana sonsa. Amma ƙaryar ta yi aiki. Razak ya koma makaranta ya rungumi littafi kamar zai cinye shi, ya wuce sakandare, ya wuce jami'a. Hajiya Indo kuwa bakinta ba ya riƙe labari. Duk wadda ta zo sayen wake sai ta tafi da ƙarin bayani kyauta.

Kafin a ce wani abu, abin ya zama al'adar unguwa. Hutu na zuwa za ka ga iyaye mata sun jero da 'ya'yansu, daga Nima, daga Kotobabi, har daga New Town. Masta ya ƙware. Ya tanadi tarin ƙarfe mafi muni a gefe musamman don irin waɗannan baƙi. Kyawawan ƙofofin da ɗalibansa ke yi, masu furen ƙarfe da ganye, sai ya juya su bango ya rufe da buhu, kada yaro ya gani ya yi sha'awa. Jawabin hannu kuwa ya goge shi har yana sa uwar ma hawaye. Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa shi ne gaisuwa, da kwanon abinci, da kujerar gaba a wurin suna, wadda ba kasafai ake ba mai walda ba. Wallahi na sha ganinsa yana dawowa gida yana taƙama kamar likitan da ya ceci rai. A cikin gidaje kuma, daga lungu zuwa lungu, magana ɗaya ce in yaro ya zo da sakamako mara kyau: "Ci gaba da wasa, za a kai ka wurin Masta Gafaru."

To, yanzu mutumin nan ne zai bi gida-gida yana neman a ba shi ɗa.

Ya wanke farar kaftaninsa, ya sa hula, ya fara da layinmu. Gidan farko mai gidan ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Da ya ji abin da ke tafe da shi sai ya gyara zama.

"Masta, yanzu fa sakandare kyauta ne. In yaro ya samu gurbi, ni da wane baki zan ce ya tafi walda? Dangin uwarsa za su ce na raina shi."

"Makarantar sana'a ta gwamnati ma kyauta ce, Alhaji, amma je ka ga ajin ƙarfensu, ba kowa a ciki. Ba kuɗi ba ne."

"To ka gani," in ji Alhaji, kamar Masta ya goyi bayansa.

Ya je wajen samarin da ke zaman shan shayin ataya a bakin gota, waɗanda suka gama ƙaramar sakandare suka tsaya nan. Ya ɗauka nan ne kasuwarsa. Wani mai suna Mutala, wanda ke tuƙa okada in ya samu aro, ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "Masta, kar ka ji haushi. In walda nake so, gwamma in je wurin masu yi a bakin titi. Can kullum oga zai ba ni na abinci. Wurinka shekara uku ina sa yunifom, yara suna mini dariya. Kuma injinka ya girmi babana. Waɗanda suka je Tema neman aiki an nuna musu wani inji, ko kunna shi ba su iya ba koraa."

Wannan ta yi masa zafi don gaskiya ce. Ya sha rubuta wa kwamiti a sayi sabon inji, amsar kullum ita ce sai ɗalibai sun ƙaru. Ɗalibai kuma sun ce sai an sayi inji.

"To me kake yi yanzu?" in ji Masta.

"Ina jiran hanya," Mutala ya ce, ya nuna sama da haɓa, wajen da jirage ke tashi.

A Kotobabi kuwa, yana shiga wani gida da sallama, wani yaro da ke wanke kwano ya ɗaga kai ya gan shi, ya yar da kwanon ya shige ɗaki yana ihu, "Mma, na ci jarrabawa fa! Wallahi na ci!" Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Masta ya taya su, ya gaishe su, ya fito bai ko faɗi abin da ya kawo shi ba.

Makonni suka tafi a haka. Ya rame, kaftanin ya fara yi masa yawa. Da asuba ina jin tarinsa da addu'arsa ta cikin bango. Tausayinsa ya kama ni sosai, haushinsa kuma ya fi tausayin, don har lokacin yana cewa laifin waya ne, laifin gwamnati ne, laifin yaran zamani ne.

Sai ya yanke shawarar yin taro. Ya roƙi liman ya yi sanarwa, ya ari rumfa da kujeru, ya sa aka ɗauko masa ƙofar da ta fi kowace kyau a ajin, aka jingina ta a gaba bayan sallar Juma'a. Ƙofa ce ta gani ta faɗa, reshen inabi na ƙarfe ya nannaɗe ta daga ƙasa har sama. Mutane suka cika rumfar, don Masta mutum ne mai jama'a. Ya yi magana mai kyau, ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ya ce duk benen da ake ginawa a Accra sai da mai walda. Ya ce ana ɗauko masu haɗa bututu daga wasu ƙasashe alhali 'ya'yanmu na zaune a bakin gota. Mutane suna gyaɗa kai.

Nan ne wata mota ta tsaya, Razak ɗan Hajiya Indo ya fito. Yanzu babba ne a wani kamfanin inshora, ya yi ƙiba, agogo na walƙiya. Ya ji ana taron Masta, ya ɗauka karramawa ce. Ya nemi makirfo, aka ba shi.

"Jama'a, ni ba zan daɗe ba. Mutumin nan da kuke gani, bayan Allah da uwata, shi ne ya yi ni. Yini ɗaya na yi a ajinsa. Yini ɗaya! Na ce Allah ya kiyaye, ko mutuwa zan yi sai na yi karatu. Da ba don shi ba, da yanzu ina can ina gogar tsatsa." Ya rungume Masta.

Aka ɗauki tafi da kabbara. Wata malamar asibiti ta miƙe ta ce ita ma ƙanenta Masta ne ya cece shi. Wani tsoho ya ce 'ya'yansa uku duk sun bi ta hannun Masta, ba ko ɗaya da ya ƙare a ƙarfe, alhamdu lillahi. Aka yi ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Masta na tsaye kusa da ƙofarsa mai inabi, yana murmushi, gumi na bin wuyansa. Liman ya rufe da addu'a, ya roƙi Allah ya ƙara wa Masta lafiya ya ci gaba da wannan aikin alheri. Kowa ya shafa. Ni na taya shi mayar da ƙofar. Sai da muka ajiye ta ya ce, "Ashe ni ne."

Ana saura kwana biyu a buɗe makaranta, ranar Asabar, ya tafi ajin da sassafe, wai zai shafa wa injina mai kafin masu gwangwan su zo. Na bi shi don ban yarda in bar shi shi kaɗai ba. Muna nan sai ga Barikisu, wata bazawara mai sayar da kayan gwanjo a kasuwar Nima, tana janye da 'yarta Mubarika. Yarinyar ta gama ƙaramar sakandare a shekarar, doguwa, mai kallon mutum ido cikin ido.

Masta ya miƙe har yana tuntuɓe da gwangwanin mai. "Barikisu! Shigo, shigo. Ɗaliba kika kawo mini?"

Ta ja shi gefe ta rage murya, amma ina ji, da irin Hausar nan ta Nima da ba ta raba mace da namiji. "Masta, yarinyan nan kansa ya yi ƙarfi paa. Ya samu sakandare mai kyau, ya ce bai zuwa, wai zaman aji ya ishe shi. Ni nas nake so ya zama. Ka taimake ni yadda ka taimaki Hajiya Indo. Ka nuna masa wuta. Da la'asar zan dawo."

Ta tafi. Masta ya tsaya yana kallon tarin ƙarfen nan mai tsatsa da ya tanada shekara da shekaru. Sai ya juya ya yaye buhun da ke kan ƙofar inabi.

"Mubarika, zo ki gani."

Abin da ya yi ran nan bai taɓa yi wa ɗan kowa ba a cikin waɗanda aka kawo masa. Ya sa mata safar hannu ta fata, ya ɗaura mata gilashin fuska, ya riƙe hannunta ya nuna mata yadda ake kusantar da sandar walda ba tare da ta manne ba. Sau da yawa ta manne, ba ta ji tsoro ba, ba ta kuma yi fushi ba. Wajen azahar ta ja layi ɗaya a kan ƙarfe, ya ƙwanƙwashe ɓawon da guduma, sai ga ɗinki lafiyayye a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya taɓa koya miki?"

"Ba kowa. Ina tsayawa in kalli masu yi a hanyar kasuwa, sai su kore ni."

Suka ɗauko wani kurfoti, murhun gawayi na ƙarfe, da ƙafarsa ta karye, ita ta yanka ƙarfen, ita ta haɗa. Ta ajiye shi a ƙasa ya tsaya daram. Ta ɗaga gilashin, fuska duk baƙi, tana dariya.

"Masta, ran Litinin ƙarfe nawa zan zo?"

Ya ce, "Bakwai da rabi." Ya fita waje kamar zai yi alwala, ya daɗe bai dawo ba. Ni kaina na ji daɗin da na manta rabona da irinsa.

La'asar Barikisu ta dawo. Tun daga ƙofa ta ga fuskar 'yarta, ta ga kurfotin a hannunta, ta gane. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta sauke ƙullin gwanjonta, ta durƙusa a kan simintin nan mai baƙin mai, ta kama gefen rigarsa.

"Masta, me na yi maka? 'Ya'yan kowa ka kora, nawa kaɗai za ka riƙe? Don ba shi da uba?"

"Barikisu, tashi. Yarinyar nan tana da hannu. Shekara ashirin ban ga irinsa ba. Sana'a ce mai..."

"Bashirunka yana ina?"

Ta ƙara riƙe rigar.

"Ba jami'a ka kai shi ba? Ka taɓa ba shi wannan sandan ya riƙe?" Tana kuka sosai yanzu. "Mubarika kaɗai gare ni. In ya shiga nan, duk unguwa za su ce ya faɗi jarrabawa. Wa zai aure shi da wannan hannu? Kai da bakinka ka gaya mana, Masta. Mu ba mu san komai ba, kai ka gaya mana."

Mubarika ta ce, "Mma, ni ina so."

Ba wanda ya kula ta. Masta ya dubi matar da ke durƙushe, ya dubi injinsa, ya dubi yarinyar. Sai na ga ya durƙusa a hankali gaban Mubarika, gwiwoyinsa na ƙara, ya buɗe tafukan hannunsa.

"Kin ga hannun nan?"

"Masta..."

"Kin ga idon nan? Da dare ba na barci, kamar an zuba mini yashi. Shekara ashirin ina nan, ɗaki ɗaya nake haya. Jibi za a auna injinan nan a kan sikeli, a kore ni. Ba ni da fansho, ba ni da shago. Abin da na nuna miki yau wasa ne. Ga gaskiyar nan a gabanki."

Na sha jin jawabin nan, amma ran nan ne kaɗai babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa ya fi na kullum kaifi. Yarinyar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zare safar hannun, ta ɗora su a kan tebur ɗaya bisa ɗaya, ta ajiye kurfotin a gefensu, ta fita ba ta waiwaya ba. Barikisu ta yi ta godiya tana sa masa albarka har ta kai ƙofa. Washegari ta aiko masa da tuwo da miyar ayoyo, har da nama.

Ran Litinin masu gwangwan suka zo da kurar ɗaukar kaya. Kafin wata ya ƙare an yi wa ɗakin fenti, an jera tebura. Mubarika tana sakandare, an ce tana ƙoƙari. In ta zo hutu ta hango shi sai ta canza hanya.

Yanzu Masta Gafaru yana yini a kan benci a ƙofar gidanmu, kurfotin nan a gefensa, a kai yake dafa shayi. Makon jiya ina zaune kusa da shi sai ga wata mata ta biyo layin tana jan ɗanta da ya ƙi zuwa makaranta. Ta tsaya daidai gabanmu, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta juya kan yaron ta nuna masa.

"Ka gan shi? Shi ne Masta Gafaru. Ka ga yadda ya ƙare?"

Na yunƙura zan zage ta, ya dafa mini gwiwa. Ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa, ya miƙa wa yaron hannuwansa biyu, ya buɗe.